Dovud Ya Cika Ba a Shafa Addu'a Ba

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga hukuncin da babu mai ja da shi, gidan marigayi Usto Davlatyor kafinta, na ƙauyen Chinorak a kwarin Rasht, ƙasar Tajikistan, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na gida da waɗanda neman abinci ya kai Rasha, rasuwar Dovud, na'urar kallon faifai ta gidan. Ya cika wata Alhamis da yamma, ana tsakiyar sanyin bana, a gaban uwar ɗakinsa Tojiniso, matar marigayi Usto. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wanda zai ce ba a faɗar wannan don na'ura, ya adana bakinsa. Mun tambayi limamin ƙauye, ya ce ko fitila ce ta mutu wa mutum ana faɗa. Mai rubuta wannan sanarwa maƙwabciyar gidan ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma Tojiniso ce ta ce a rubuta, a rubuta da kyau yadda ake yi wa mutanen kirki. Wanda dariya ta kama ya je gidansu ya yi. Mu nan ba dariya muke yi ba.

Ba mu san garin da aka haifi marigayin ba. Akwai rubutun mutanen Sin a bayansa, amma ba a taɓa samun mai karantawa ba. Abin da muka sani shi ne, Mirzoali, ɗa namiji tilo ga Usto da Tojiniso, shi ya ɗauko shi a kwali daga kasuwar Dushanbe 'yan kwanaki bayan aurensa da Sabohat, don a kalli faifan bikin. Ya ajiye shi a ƙarƙashin talabijin, siriri, ruwan azurfa, da 'yar fitila kore a goshi.

"Shi kuma wannan wa ake ce masa?" in ji Tojiniso.

"Dividi, Ocha," in ji Mirzoali, don haka ake kiran uwa a wurinmu.

"Dovud?"

"Di-vi-di."

"To ai abin da na faɗa ke nan. Dovud. Sunan ƙanin babana ne, Allah ya jiƙansa. Shi ma haka yake, ba shi da ta cewa sai abin da aka sa masa a baki."

Usto yana bakin ƙofa yana kakkaɓe garin katako daga hularsa. Ya dubi na'urar, ya dubi matarsa, ya ce, "Allah ya raya." Shi ke nan suna ya bi shi. Har ya bar duniya ba wanda ya ƙara kiransa da wani suna a ƙauyen nan, har yaran da suka yi makaranta.

Muna shaida cewa Dovud mai haƙuri ne, kuma ba shi da zaɓen abinci. Duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi: finafinan Indiya guda goma da aka cusa a faifai ɗaya, wa'azi, waƙoƙin biki, faifan kaciyar ɗan wane, faifan da aka saya a bakin titi wanda kan wani ɗan kallo yake gilmawa a tsakiyar fim. Bai taɓa tambayar asalin faifai ba. Zai zuro harshensa, ƙirrr, a ɗora masa, ya haɗiye, cak, ya yi ɗan gunaguninsa na zzz-zzz kamar tsoho mai neman farkon labari, sannan ya fara. Wannan ƙirrr da cak da zzz-zzz su ne dukan maganarsa ta duniya, kuma wallahi a yau mun fi kewarsu a kan maganar mutane da yawa.

Ya zauna da wutar lantarkinmu, wadda ko waliyyi sai ta sa shi tsaki. Da sanyi a kawo ta da safe kaɗan, da yamma kaɗan, wani lokaci ta zo a raunane har ƙwan fitila ya yi ja, wani lokaci ta zo da fushi. Ta kashe firjin gidan, ta kashe rediyo biyu, ta gasa dutsen guga. Dovud sai ya ƙifta koren idonsa ya ci gaba. Ya sha ƙura, ya sha hayaƙin murhu, an taɓa ɓarar masa da shayi mai zafi a ka, kyanwa ta mayar da bayansa wurin barcin rana. A shekarar da talabijin ɗin ƙauye suka daina kama tasha saboda iska ta karya ƙarfen da ke kan dutse, ɗakin Tojiniso ne ya zama gidan kallo. Mata a gaba, yara a kan ƙafafunsu, maza a bakin taga suna cewa wucewa kawai suke yi. Ta haɗa shayi, ta karya gurasa, shi kuma ya yi ta aiki har bayansa ya ɗauki zafi, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ba za mu ce ba shi da aibi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Da ya manyanta, harshensa ya riƙa maƙalewa a rabi, sai an taimaka masa da ɗan yatsa. Yana da mantuwa: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar fim, sai ya koma farko kamar ba a taɓa haɗuwa ba. In cikinsa babu faifai sai ya rubuta wasu kalmomi na Turawa a fuskar talabijin, Tojiniso ta ce yunwa yake faɗa. Kuma yana jin sanyi ƙwarai. Wannan na ƙarshe a riƙe shi, za mu dawo kansa.

Amma duk wannan ba shi ne dalilin kukanmu ba. Na'ura mai juriya akwai ta a kasuwa. Abin da Dovud yake yi wanda babu mai yi shi ne faifan bikin nan.

Wanda ya san Usto Davlatyor ya san mutum ne da ba ya magana. Rabin ƙofofin ƙauyen nan shi ya sassaƙa, amma za ka zauna da shi tun hantsi har azahar abin da za ka samu bai wuce "to" da "Allah ya sa" ba. Hoto kuwa gudunsa yake yi. A ranar auren ɗansa ne kawai aka ritsa shi. Bayan an ci shinkafar biki an ɗauke faranti, dattawa suka ce uban ango ya sa albarka. Ya miƙe da sabuwar rigarsa mai ɗinkin auduga, ango da amarya a tsaye a gabansa, amarya a lulluɓe tana sunkuyawa, ya ɗaga hannuwansa masu kanta, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa. Mai ɗaukar hoto ya kama ta daga farko har ƙarshe. Bayan 'yan shekaru Usto ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba. A duk faɗin duniyar nan, muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a wannan faifai.

Faifan kuma ya samu rauni. An ara wa dangi, ya zaga gidaje, ya dawo da zane mai zurfi a cikinsa, kuma zanen bai tashi faɗawa ko'ina ba sai a tsakiyar addu'ar. An kai shi gidan maƙwabta, na'urarsu ta juya shi ta tofo shi. An gwada a kwamfutar malamin makaranta, ta ce ba ta san shi ba. Mai ɗaukar hoton ya rufe shago tuntuni ya bi sahun masu tafiya Rasha, ba a san inda ya zubar da na asali ba. Dovud kaɗai ke iya wa faifan nan. Zai taho da shi lafiya lau, makaɗa su wuce, 'yan rawa su wuce, Usto ya miƙe ya fara:

"Ya Allah, ga yara biyu mun haɗa. Ka sa ƙafar yarinyar nan ta zama alheri a gidan nan. Kada gurasa ta yanke a shimfiɗar abincinsu, kada baƙo ya juya daga ƙofarsu. Ka sa..."

A nan hoto yake daskarewa. Usto ya tsaya hannu sama, baki a buɗe. Dovud ya shiga nishi, ƙir, ƙir, ƙir, kamar jaki a hawan dutse. Sai Tojiniso ta miƙa hannu ɗaya ta bubbuga bayansa a hankali ta ce, "Yi haƙuri, Dovudjon. Ƙarasa." Sai ya yunƙura ya tsallake. Usto ya yi ɗan tarinsa, ya ƙarasa addu'ar, taron biki ya ce amin, Tojiniso ma ta ce amin ta shafa tare da su.

Kowace Alhamis ake yin haka. Kamar kowane gida, ran Alhamis da yamma ana ɗora mai a wuta a soya 'yar gurasa don ƙamshin ya kai wa mamata. Sauran gidaje daga nan suke tsayawa. A gidan Tojiniso kuwa, da ƙamshin ya tashi aka kawo wuta, sai ta yafa farin gyale, ta cire wa Dovud kyallen da ta yi masa ado da zaren ja, ta zauna a gabansa ta naɗe ƙafa. Ni ma nakan shigo in zauna a gefe, don shayinta ya fi nawa. Shekara da shekaru ana wannan, bai taɓa ba ta kunya ba ko sau ɗaya.

A nan ne kuma amincinsa ya cuce mu, dole a faɗa. Kowa a ƙauyen nan da waya a aljihu. Da ɗayanmu ya ɗaga waya ya ɗauki fuskar talabijin ɗin, da yau ba a rubuta wannan sanarwa da hawaye ba. An sha faɗa. Tojiniso ta ce ba a ɗaga wa mai addu'a waya a fuska, hannu ake ɗagawa. Mu kuma muka ce to, wata Alhamis ɗin. Da Dovud mai gardama ne, yau ya yi gobe ya ƙi, da tsoro ya sa mun yi dabara tun da wuri. Amma bai taɓa ƙi ba, sai muka saki jiki kamar shi ba zai mutu ba.

Tojiniso ba don kewar miji kaɗai take wannan zama ba. Mirzoali ya tafi Rasha aikin gini tun Usto yana da rai. Da farko yana zuwa duk sanyi. Daga baya ya koma tsallake shekara. Daga baya kuma sai murya a waya: takardu ba su fito ba, mai gida ya riƙe albashi, da bazara in Allah ya so, Ocha. Ba za mu yi masa sharri ba, yana turo abin da ya samu. Amma tuffar da ya dasa a tsakar gida kafin zuwansa na ƙarshe ta yi 'ya'ya har an gaji da ci, bai ga furenta ba. Tojiniso ta ƙudurce a ranta cewa addu'ar nan ta ubansa ita ce igiyar da ke riƙe da shi. Muddin ana ɗaga ta duk mako ana shafawa, ɗanta zai dawo ga matarsa, auren nan ba zai watse ba. Liman bai ce mata haka ba, mu ma ba mu ce ba. Ita ta ce wa kanta, kuma da wannan take tashi kowace safiya.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa zama gaban faifan ba: Sabohat, amaryar da ke cikinsa. Ita ke suyar Alhamis a ɗakin girki, bango ɗaya tsakaninta da talabijin. Tojiniso takan ɗaga murya ta kira ta yadda kowace uwar miji ke kiran matar ɗanta:

"Kelin! Zo ki ga kanki, lokacin kina da kumatu."

"Mai zai ƙone, Ochajon."

"Man nan naki kullum cikin ƙonewa yake. Sai ka ce da shi aka ɗaura miki aure."

"Shi dai yana gida, Ochajon."

Sai tsohuwar ta yi kamar ba ta ji ba, ta juyo gare ni ta rage murya: "Kin gani ko? Zuciyar yarinyar nan dutse ce. Surukinta yana yi mata addu'a, ita tana can tana hira da kasko." Ni ma, Allah ya yafe mana, haka na ɗauka. Sabohat ba ta da yawan fara'a, kuma in tana shara ta zo kan Dovud, goge shi take yi da sauri kamar mai goge hancin ɗan maƙwabta.

Yanzu ga jinyarsa ta ajali.

Mun ce yana jin sanyi. In ɗaki ya yi ƙanƙara, sai ya yi ta juya faifai ya kasa farawa. Tojiniso ta gano maganin da kanta, kuma maganin da take yi wa ƙafafunta ne. A tsakiyar ɗakin akwai sandali, gajeren teburin nan da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa a lulluɓe shi da babban bargo kowa ya zura ƙafa. Duk Alhamis ta sanyi, kafin a kawo wuta, sai ta zare wa Dovud wayoyinsa, ta rungume shi, ta tura shi ƙarƙashin bargon ya ɗan ji ɗumi. In ya fito sai ya yi aiki garau. Malamin makaranta ya taɓa ce mata ba a yi wa na'ura haka. Ta ce, "Kai da ka san na'ura, taka ta karanta faifan?"

Ran Alhamis ɗin da abin ya faru, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ruwa ya daskare a buta. Tojiniso ta ƙara garwashi fiye da kullum, ta tura Dovud can ciki don tausayi. Wuta kuma ta yi latti. Aka yi la'asar babu, rana ta faɗa bayan dutse babu, suya ta huce. Sai gab da magariba ƙwan fitila ya kawo. Ta zaro shi, zafinsa kamar gurasar da aka ciro daga tanda.

Sabohat ta leƙo daga ƙofa. "Ochajon, ki bari ya huce."

"Ya huce su ɗauke wutar? Ke dai ba ki taɓa ƙaunarsa ba."

Aka haɗa wayoyi. Ya zuro harshe da kyar, ya karɓi faifan, ya yi zzz-zzz ɗinsa, wata irin murya can ƙasa da ba mu saba ji ba. Duk da haka ya fara. Allah ya ga zuciyarsa, ya fara. Makaɗa suka wuce, 'yan rawa suka wuce, Usto ya miƙe. Muka ɗaga hannu. Gurasa, baƙo, ƙofa. "Ka sa..."

Ƙir. Ƙir.

"Yi haƙuri, Dovudjon. Ƙarasa."

Ƙir.

Ta sake bubbugawa. Wani wari na ƙonanniyar roba ya taso ya danne ƙamshin man. Usto yana tsaye a fuskar talabijin, hannu sama, baki a buɗe, yana kallonmu. Sai koren idon nan ya dushe a hankali, hoton ya ɗauke, talabijin ta koma shuɗiya fayau.

Tojiniso ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta zauna da hannunta ɗaya a sama, ɗaya a bayan Dovud, tana jira. Na ce, "Tojiniso, sauke hannu." Ta ce, "Bai gama ba." Aka kira sallah tana nan a haka. Da kyar muka sauke mata hannun, kuma ba ta shafa ba, ta ce ba a shafa rabin addu'a. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Da hanya ta buɗe aka naɗe shi a bargo aka kai shi wurin mai gyara a cikin gari. Mutumin kirki ne, ya yi iya yinsa. Ya buɗe cikinsa ya ciro faifan, ya ce idon da ke karatu ne ya ƙone. Ya ciro idon wata na'ura ya dasa masa. Dovud ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya karanta wani fim ɗin Indiya da ke shagon, amma da aka ba shi faifan bikin sai ya juya shi ya tofo, kamar sauran. Da idon wani ya tashi, bai gane Usto ba. Kafin a gama shan shayi ya sake ɗaukewa, wannan karon gaba ɗaya. Mai gyara ya share hannu ya ce a yi haƙuri.

Bayan an dawo da gawar ne abin ya kwantar da Tojiniso. Ta daina cin abin kirki. In na shiga sai in tarar tana motsa baki ita kaɗai. Ashe ƙarashen addu'ar take nema. Ta kama hannuna ta ce, "Kin san abin kunya? Ban iya ba. Daga inda yake tsayawa, ban san me ke biye ba. Akwai maganar matashin kai, akwai sunan Mirzoali, amma wanne ne gaba? Da ya yi tarin nan kuka nake farawa. Muryar nake ji, ban taɓa jin maganar ba." Ta tambaye ni. Ni da na zauna a gefe shekara da shekaru ina kurɓar shayi, na buɗe baki ban samu komai ba sai amin. Ta juya fuska ga bango ta ce, "Na kashe shi da hannuna, na yanke wa ɗana igiya. Yanzu ko muryar ma in na nema a kaina ba ta zuwa."

Alhamis ta zagayo. Tojiniso ta ce kada a ɗora mai, babu wanda za a kira. Sabohat kuwa ta shiga ɗakin girki ta ɗora. Ƙamshi ya cika gida. Aka kawo wuta, ba wanda ya kunna komai. Tsohuwar tana zaune a wurinta na kullum, babu gyale, hannuwa a cinya, tana kallon baƙar fuskar talabijin.

Sai ga Sabohat ta shigo, hannunta da sauran gari, ta ɗauko farin gyalen daga ƙusa ta yafa wa uwar mijinta. Ta durƙusa a gaban talabijin, a gefen Dovud, wurin da ba ta taɓa zama ba.

"Ochajon, ɗaga hannu."

"Kelin, ba na son wasa."

"Ɗaga hannu, mai zai huce."

Tsohuwar ta ɗaga. Ni ma na ajiye kofi na ɗaga. Sabohat ta dubi ƙasa ta fara, a hankali, tana jan kalmomi yadda Usto yake ja, tana tsayawa a inda yake tsayawa ya ja numfashi: ga yara biyu mun haɗa, ƙafar yarinyar nan, gurasa, baƙo, ƙofa. Ko harafi ba ta sauya ba. Ashe duk shekarun nan bangon ɗakin girkin bai tare komai ba. Mu muna gaban hoto muna kuka da shan shayi, ita tana gaban kasko ita kaɗai tana jin kowace kalma, kuma kowace kalma a kanta ake yi.

"Ka sa..." in ji Sabohat.

Sai ta tsaya. Bakinta a buɗe, hannu sama. Na ɗauka kwaikwayon faifan take yi, har na ji haushi. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta yunƙura ta kasa, ta sake yunƙurawa ta kasa, hawaye yana sauka a kan garin da ke hannunta.

Tojiniso ta dube ta. Sannan ta sauke hannu ɗaya, ta miƙa, ta bubbuga bayan matar ɗanta a hankali.

"Yi haƙuri, 'yata. Ƙarasa."

Sabohat ta yi ɗan tari, irin nasa. Ta ce:

"Ka sa su tsufa a kan matashin kai ɗaya. Wanda ya fita a cikinsu, ka dawo da shi da ƙafarsa. Mirzoali, yarinyar nan amana ce, daga hannun ubanta na karɓo ta na sa a naka. Ko bayan raina, ka ji ni. Amin."

Muka shafa. Tojiniso ta shafa ta sake shafawa, sannan ta jawo kan Sabohat ta ɗora a ƙirjinta, suka yi kukan da ya kamata a ce sun yi shi tare tun shekarun baya. Na tashi na fita na ba su wuri. A ranar tsohuwar ta ci gurasar suya har biyu.

Marigayi Dovud ya rasu ya bar abokiyar zamansa talabijin, wadda tun ranar ba a kunna ta ba. Ya bar rimot, wanda har yau yake cikin ledar da aka naɗe shi da ita tun yana sabo. Ya bar wayoyi uku 'yan uwa ɗaya, ja da fara da rawaya, suna reto a bayan teburi ba su da inda za su shiga. Ya bar faya-fayai cike da kwalin takalmi, marayu, da faifan biki guda ɗaya wanda yanzu babu mai iya buɗe bakinsa. Ya bar kyanwa tana neman wurin barci. Rediyo biyu da firji da dutsen guga sun riga shi gidan gaskiya.

Ana karɓar gaisuwa a gidan kowace Alhamis da yamma, da wuta ko babu wuta. Sabohat ce ke jan addu'a yanzu, kuma an ce mai waya yana iya ɗagawa ya ɗauka, Tojiniso ta janye dokarta. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar sayen sabo. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke zagayowa da mota, wanda ya riga ya leƙo yana tambaya, ana shaida masa ya bi wata hanyar don mutuncinsa.

Game da jana'iza: an goge marigayin, an naɗe shi a kyallensa mai zaren ja, da faifan a kan ƙirjinsa. Za a kai shi ɗakin ajiya a sa shi a babban akwatin da Usto ya sassaƙa da hannunsa. Mun san ba a jinkirta wa mamaci, amma ba a sa rana ba tukuna, kuma ga dalili. An sanar da Mirzoali ta waya. Ya ce kada Ocha ta damu, ƙarshen wata zai turo wanda ya fi shi. Sabohat, wadda ba ta taɓa sa baki in uwa da ɗa suna magana ba, ta karɓi wayar ta ce masa babu abin da za a turo. Tojiniso kuma ta yanke hukunci: wanda ya shigo da Dovud gidan nan da hannunsa, shi zai ɗauke shi ya kai shi makwancinsa.

Don haka gawa tana nan a ƙarƙashin talabijin, tana jira. Duk ɗan ƙauyen nan da ke aikin gini a Rasha, wanda wannan sanarwa ta iske, in ya san inda Mirzoali ɗan Usto Davlatyor yake kwana, don Allah ya karanta masa ita daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake addu'ar. Ya gaya masa an buɗe hanya, motoci suna hawowa. Ya zo da ƙafarsa.